Kafin Ka Sayi Sabon Batir: Binciken Matsalar Caji a Injin Jirgin Ruwa

Gaisuwa ta musamman ga sarakunan ruwa da masunta da direbobin kwale-kwale, tun daga Yawuri da Malale a bakin tafkin Kainji, zuwa Gaya a Jamhuriyar Nijar, da Baga a Tafkin Chadi, da Lagdo a Kamaru, da Yeji a kan tafkin Volta na ƙasar Ghana. Batunmu na yau ya shafi injin nan da ake ratayawa a bayan jirgi, da batirin da ke tayar da shi, yake kuma kunna fitila. Mai jirgi kan wayi gari ya murɗa makulli ya ji ƙas-ƙas kawai, sitata ta ƙi juyawa. Ya kai batir wurin mai caji, ya dawo da shi, bayan kwana biyu ko uku ya sake mutuwa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa batir ya lalace, a nufi kasuwa.

Wannan hukuncin nake so mu dakatar. Batirin da ya mutu ba ya gaya maka abin da ya kashe shi. Batir randa ce, ba ta haƙo ruwa, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Idan aka tarar da ita a bushe, to ko dai ta tsage, ko mai ɗebo ruwa ya daina kawowa, ko tulun yana yoyo a hanya, ko kuwa mutanen gida suna sha fiye da abin da ake kawowa. Wanda ya sayi sabuwar randa ya magance ɗaya kacal daga cikin huɗun. Saboda haka abin da zan kare a wannan shiri shi ne: kada a sayi komai, kada a kwance komai, sai an auna, kuma awon yana da tsari. A fara da batirin kansa, a bi da wayoyi da mahaɗansu, sannan rektifaya, sannan koyil a ƙarshe. Tsarin ya tashi daga abu mai sauƙi da arha zuwa abu mai wuya da tsada, kuma kowane mataki sai wanda ya gabace shi ya tabbata kafin sakamakonsa ya zama abin dogaro.

Bari mu fara da inda wutar take fitowa. Idan ka ɗaga murfin inji, abin da za ka fara gani a sama shi ne faifan ƙarfe mai nauyi, wanda igiyar tayarwa take juyawa. A cikin bakinsa an jera mayen ƙarfe, a ƙarƙashinsa kuma akwai naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe da ba sa motsi, su ne bakanike ke kira koyil. Duk lokacin da mayen ƙarfe ya gifta koyil, sai wutar lantarki ta tashi a cikin wayar. Ƙa'idar ke nan da Michael Faraday ya gano a Ingila a shekarar 1831, kuma da ita janareto da babur da tashar wutar Kainji suke aiki. Amma wutar da koyil yake bayarwa mai kai-komo ce, tana canza alƙibla sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuwa batir ba ya karɓar wuta sai mai tafiya gefe guda. Aikin rektifaya ke nan: ɗan akwati ne mai ɗauke da ƙananan ƙofofin wuta da ake kira diyod, kowace tana barin wuta ta wuce gaba, ta hana ta komawa. A manyan injuna da na zamani akan haɗa ta da regileta, wadda take tsayar da ƙarfin wutar a wajen bolt 14 da ɗoriya don kada ta dafa batir. Daga nan jar waya ta ɗauki wutar, ta bi ta fis, ta isa babbar wayar batir, ta dawo ta baƙar waya zuwa jikin inji. Hanyar ke nan gaba ɗayanta, kuma a ko'ina aka sami yankewa, alamar da mai jirgi zai gani iri ɗaya ce.

Wani zai ce: ai injina yana tafiya lafiya lau, bai taɓa mutuwa a tsakiyar ruwa ba, ta yaya za a ce sashen wutarsa ya lalace? Tambayar tana da kyau, amsarta kuma tana ƙarƙashin faifan nan. A yawancin injuna masu shan fetur gauraye da baƙin mai, irin Yamaha Enduro da suka cika mashigai, koyil ba ɗaya ba ne. Akwai wanda yake ba wa filogi wuta, akwai kuma wanda yake kunna fitila da cajin batir, kuma ba ruwan wannan da wancan. Na caji yana iya ƙonewa ƙurmus inji ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya faru. Lafiyar tafiya shaida ce a kan wutar filogi kaɗai. Akwai ma abin da ya riga wannan: wasu injunan da ake tayarwa da igiya suna zuwa da koyil na fitila amma babu rektifaya a jikinsu, sai an saya an ɗaura. Wanda ya ja wayoyin koyil kai tsaye zuwa batir ba caji yake yi ba, wahalar da batir da koyil kawai yake yi. Don haka a fara tabbatarwa cewa injin yana da sashen caji tukuna.

Kayan aikin da ake bukata guda ɗaya ne, wato ƙaramar mitar nan mai lambobi da masu gyaran rediyo da masu haɗa sola suke riƙewa. A murɗa ta zuwa inda aka rubuta V tare da miƙaƙƙen layi, a zaɓi 20. Inji a kashe, fitilu a kashe, batir ya huta na wasu sa'o'i bayan caji, don wanda aka ciro yanzu daga caja yakan nuna lamba sama da gaskiyarsa. A ɗora jan tsinken mita a kan dalmar batir mai alamar tarawa, baƙin a kan mai alamar ɗebewa. A kan dalmar kanta nake nufi, ba a kan maƙalar waya ba, kuma za ku ji dalili nan gaba. Cikakken batir mai lafiya yana nuna 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.4, saura kusan kashi uku cikin huɗu. Idan 12.2 ne, rabi ya tafi. Idan ya sauko 12.0 ko ƙasa, kusan fanko ne. Ku lura da ƙanƙantar tazarar: tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa bai wuce bolt 0.7 ba, abin da ido ba ya gani a hasken ƙwan fitila, balle a tartsatsin waya. Idan kuwa bayan cikakken caji ya tsaya a wajen 10.5, to ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu, domin kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, kuma wannan batir ya gama aiki. Sai awo na biyu, wanda ya fi na farko faɗin gaskiya: a bar mita a kai, wani ya murɗa makulli. Lamba za ta faɗi, wannan daidai ne, amma idan cikakken batir ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin da sitata take juyawa, ba shi da sauran ƙarfi. Dole ne a cika batir da caja kafin a wuce mataki na gaba, saboda batirin da yake fanko yana danne lambar da za a gani, har a zargi rektifaya mai lafiya.

A kan batir akwai abin da ya shafe mu musamman, wato zafi. Masu ƙera batura suna auna rayuwarsa ne a kan zafin maki 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin maki 8 zuwa 10 yana cinye kusan rabin wannan rayuwa. A bazara, lokacin da zafi yake haura maki 40 a Yawuri ko Baga, batirin da aka yasar a ƙasan jirgi rana tana dukansa yana tsufa da wuri, ruwansa yana ƙafewa. A buɗe murafansa a duba, ruwan ya rufe farantan dalma. Idan ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, kada a zuba ruwan kogi ko na rijiya, kada kuma a ƙara asid. Batirin da aka bari a fanko na makonni, kamar yadda ake yi idan ruwa ya janye aka jingine jirgi, farantansa suna yin ɓawon da caji ba ya narkarwa, sai ya riƙa cika da sauri yana ƙarewa da sauri.

To, batir ya ci jarrabawa. Yanzu sai a tayar da inji, amma a saurari sharuɗɗa biyu. Ƙafar inji ta kasance cikin ruwa, jirgi a ɗaure tamau a mashigi, domin robar famfon da ke sanyaya inji tana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan idan ta juya a bushe. Na biyu, idan murfi a buɗe yake, a naɗe hannun riga, a cire rawani da carbi da duk abin da yake lilo, saboda faifan nan ba ya tsayawa don ya kama tufa. A riƙe lambar da mita ta nuna kafin a tayar, a tayar, a ƙara wuta a hankali zuwa matsakaicin gudu, wajen juyi 2,000 a minti ɗaya ga mai agogon juyi, ba tare da an ƙure inji yana furi ba. Idan caji yana aiki, lamba za ta hau sama da ta farko. A inji mai regileta za ta zauna tsakanin 13.5 da 14.7. A ƙaramin inji mai ƙaramin koyil hawan yana zuwa sannu a hankali, wataƙila 13 da 'yan kai, kuma a mafi ƙanƙantar gudu ba lallai a ga komai ba, don haka kada a yanke hukunci inji yana sululu. Idan lamba ta tsaya cik inda take, ko tana raguwa, to wuta ba ta isowa batir. Ku ji yadda na faɗa: ba ta isowa. Wannan bai nuna cewa inji ba ya samar da ita ba.

A nan ne ya kamata a daɗe, don a nan aka fi yin asara ba gaira ba dalili. Jirgi wuri ne na danshi da girgiza, su biyun kuma su ne abokan gabar mahaɗin waya. Farin gari ko koren ƙura yakan taru tsakanin dalma da maƙala, noti mai kunnuwa da ake ɗaurewa da yatsa yakan saki, ruwa yakan bi cikin robar waya ya cinye jan ƙarfen ya mayar da shi baƙi alhali daga waje wayar tana nan kamar sabuwa. Wasu ma ba maƙala gare su ba, naɗa waya suke yi a kan dalma, ko su buga ƙusa su matse. Yadda za a kama wannan shi ne a auna wuri biyu inji yana tafiya: a kan dalmar batir, sannan a jikin inji, inda babbar jar waya take ɗaure, baƙin tsinke kuma a kan ƙarfen inji mai tsabta. Idan a inji an ga 14.2 amma a batir 12.5, to koyil da rektifaya sun fita daga zargi, wutar a hanya take zubewa. Ana iya ƙuntata binciken har a taɓa wurin da hannu. A sa tsinke ɗaya a kan dalma, ɗaya a kan maƙalar da ke kanta, a murɗa makulli. Mahaɗi mai kyau zai nuna kusan sifili. Idan ya nuna 0.3 ko 0.5, ga ɓarawon nan. Haka za a yi wa kowace babbar waya daga wannan baki zuwa wancan, kuma abin da ya haura rabin bolt ya yi yawa. Kada a manta da baƙar waya, wadda ake yawan rainawa, alhali duk wutar da ta fita ta ja, ta baƙar take dawowa. A duba fis ɗin da ke kan inji da gidansa, wanda a injuna da yawa mai amfiya 20 ne. Idan ya tsinke a nemi dalili, kada a ɗaure shi da zaren waya. Gyaran duk wannan bai wuce a kashe inji, a fara cire baƙar waya, a wanke ƙurar da ruwan ɗumi da ɗan kanwa ba tare da ya shiga cikin batir ba, a goge har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da noti na sosai da sifana, a shafa giris a kai.

Na san abin da wani tsohon hannu zai ce a nan, kuma ina girmama shekarunsa a sana'a. Zai ce duk wannan dogon turanci ne, mu abin da muka sani shi ne a cire kan batir inji yana tafiya, idan bai mutu ba caji yana aiki. Ina roƙon masu sauraro da su bar wannan gwaji har abada, saboda dalili biyu. Na farko, ba ya nuna komai: mun riga mun ga cewa wutar filogi a waɗannan injuna ba daga batir take zuwa ba, don haka inji zai ci gaba da tafiya ko caji yana raye ko ya mutu. Na biyu ya fi muni. Batir shi ne yake shanye wutar da koyil yake turowa, yana riƙe ta a ƙasa. Da zarar an cire shi, ƙarfin wutar yana iya yin tsalle nan take, ya ƙona diyod ɗin rektifaya. Ke nan gwajin da kansa yana haddasa cutar da aka zo nema. Wannan kuma shi ne yake bayyana dalilin da sakakkiyar maƙala take da haɗari fiye da yadda ake zato: duk lokacin da igiyar ruwa ta jijjiga jirgi maƙala ta saki ta kama, tamkar an cire batir ne an mayar, sau ɗari a tafiya ɗaya. Mutum ya canza rektifaya sau uku yana zagin kayan jabu, alhali noti ne bai ɗaure ba. Haka nan juya wayoyi, a sa ja a wurin baƙa, ko na ƙiftawar ido ne, ya isa ya kashe rektifaya, kuma an fi yin wannan kuskure da asuba cikin duhu idan an dawo da batir daga caji. Ɗan jan fenti ko jan ƙyalle a kan wayar tarawa ya isa riga-kafi.

Idan batir lafiya, wayoyi lafiya, amma a jikin inji ma lamba ba ta hau ba, sai yanzu ne rektifaya da koyil suka shiga zargi. Alamu sukan riga awo. Rektifayar da ta ƙone takan kumbura ko ta tsage, wayoyinta su narke, a ji ƙaurin roba. A jiragen da ke da agogon juyi, idan allurarsa ta faɗi ko tana rawa, wannan ishara ce, domin a injuna da yawa agogon yana karɓar saƙonsa ne daga wayoyin koyil na caji. Wata alamar kuma ita ce batir ya kwana cike ya tashi fanko ba a kunna komai ba, saboda diyod ɗin da ta lalace takan bar wuta ta sulale baya da dare. Domin rarrabewa, a kashe inji, a cire batir, a zare wayoyin da suka taso daga koyil zuwa rektifaya. A Yamaha galibi kore ne, a Mercury da Evinrude galibi rawaya. A mayar da mita wurin auna om, a taɓa bakunan wayoyin biyu. Koyil mai lafiya yana nuna lamba ƙarama ƙwarai, sau da yawa ƙasa da om ɗaya, kuma ainihin lambar kowane inji tana cikin littafinsa. Idan mita ta nuna babu hanya sam, waya ta tsinke a ciki. Sannan a auna tsakanin kowace waya da jikin inji, inda a mafi yawan injuna bai kamata a sami hanya ba. Idan koyil ya wuce wannan, a mayar da batir, wayoyin koyil suna nan a zare, a mayar da mita wurin V mai lanƙwasasshen layi, a tayar da inji, a ga wutar kai-komo tana hawa yayin da ake ƙara wuta, har ta zarce 12 nesa ba kusa ba. Koyil yana bayarwa amma bayan rektifaya babu komai, to rektifaya ce. Mitar tana da wurin gwada diyod: mai lafiya takan nuna wajen 0.5 ta gefe ɗaya, ta rufe ta ɗaya gefen, kodayake wadda aka haɗa da regileta ba kullum take ba da amsa ta wannan hanya ba. An bar kwance koyil a ƙarshe ne saboda isa gare shi sai an cire faifan nan da kayan aikinsa na musamman, kuma dukansa da guduma yana iya fasa mayen ƙarfe ko ya ɓata sandar inji. Wannan aikin bakanike ne.

Saura abu na huɗu a misalin randa, wanda babu abin da ya lalace a cikinsa amma batir yana mutuwa. Wannan lissafi ne tsagwaronsa. Yawancin ƙananan injuna da matsakaita masu gauraye da baƙin mai, har da mai ƙarfin doki 40, abin da koyil ɗinsu yake bayarwa bai wuce wajen amfiya 6 ba, wato kusan wat 80, kuma sai inji yana gudu sosai. Ƙwan fitilar mota guda ɗaya mai wat 55 yana jan fiye da amfiya 4. Aka sa biyu, sun haura 9, sun riga sun cinye abin da inji yake samarwa har da ƙari. A ɗora rediyo da sifika, da famfon kwashe ruwa, da wayoyin fasinja da ake caji. Sannan a dubi lokacin tafiya: jirgin fito da yake tsallaka kogi cikin minti 20, ko da babu abin da aka kunna, kashi ɗaya cikin uku na sa'a kawai ya samu. Batir mai lamba 70 a jikinsa da ya sauko rabi yana bin bashin 35, kuma a amfiya 6 biyan wannan bashi zai ci kusan sa'a shida na gudu ba tsayawa, a aikace ma fiye. Tayar da inji ba shi ne mai cin batir ba, domin sitata tana jan wuta mai yawa amma na daƙiƙa biyu ko uku ne. Abin da yake ci a hankali na tsawon dare shi ne matsalar. Maganin wannan ba ya wurin bakanike. A koma fitilar LED, wadda mai wat 10 ba ta jan amfiya ɗaya, a ware batir na biyu don fitila da caji, ko a ɗora faifan sola tare da na'urarsa ta daidaita caji.

Akwai kuma akasin duk abin da muka faɗa, wato caji ya yi yawa. Idan mita ta haura 15 ta zauna a can, batir ya yi zafi, ruwansa yana tafasa yana ƙarewa, ana jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila suna ƙonewa, to a inji mai regileta ita ce ta mutu, ko baƙar wayarta ba ta kama jiki ba. A injin da rektifaya zalla gare shi kuwa, babu mai tsayar da wutar sai batirin kansa, don haka a doguwar tafiya lamba tana iya kaiwa 15 ko 16 alhali babu abin da ya lalace. Irin wannan inji yana son babban batir mai murafai wanda ake iya ƙara wa ruwa. Ƙaramin batirin babur, ko rufaffen batir irin na sola, ko na litiyom, ba su dace da shi ba sai an ɗaura regileta. A kuma kiyaye wuta da taba kusa da batirin da ake caji, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa, ga kuma jarkar fetur a kusa.

Ƙorafi biyu suka rage, kuma duka biyun suna da nauyi. Na farko, mai jirgi zai ce ni ban yi boko ba, mita ta injiniyoyi ce. Amma mutumin da yake karanta lambar waya, yake lissafin litar mai da kuɗin fito, ba zai gaza karanta lamba uku ba: 12.6 idan inji a kashe, kada ta gaza 9.6 lokacin tayarwa, wajen 14 idan inji yana gudu. Kuɗin mitar kuwa bai kai kaso kaɗan na kuɗin batir ba, kuma ƙungiyar masu jirage ta mashigi ɗaya za ta iya sayen guda ta ajiye a hannun sarkin jirgi. Wannan bai kore bakanike ba. Nagartaccen bakanike ya fi son a zo masa da lamba, kuma mai jirgin da ya san lambarsa ba a sayar masa da koyil alhali fis ne ya tsinke. Ga wanda zai ce ai na canza batir matsalar ta tafi, sai in tambaye shi bayan wata biyu, domin sabon batir yana zuwa da guzurinsa, yana ɓoye cutar har guzurin ya ƙare, sannan shi ma ya bi na farko.

Ƙorafi na biyu shi ne: ai akwai igiya, in batir ya ƙi sai in ja. Gaskiya ne a ƙananan injuna, kuma ya kamata kowa ya ajiye igiyar ya kuma san yadda ake naɗa ta. Amma manyan injunan zamani masu kwamfuta, waɗanda famfon lantarki yake tura musu mai, suna dogara da batir, idan ƙarfinsa ya faɗi sukan yi tari ko su mutu ana cikin tafiya. Igiya kuma ba ta kunna fitila, ba ta juya famfon kwashe ruwa, ba ta cajin wayar da za a kira ceto da ita. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a Nijeriya, wadda hedikwatarta take Lokoja, ta sha yin gargaɗi a kan tafiyar dare, kuma gargaɗin daidai ne. Sai dai dare yakan riski wanda bai shirya masa ba: kasuwa ta tashi a makare, hadari ya tsare jirgi, ko hazon hunturu ya rufe gaɓa. A tafkin Kainji da tafkin Volta akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka datse kogunan, kuma direban da fitilarsa ta mutu ba shi da hanyar ganinsu, haka nan jirgin da ke tahowa ba shi da hanyar ganinsa. Mutanen da ke zaune cikin jirgin, mata da yara da 'yan kasuwa, amanarsu tana hannun direba, kuma awon da muka bayyana na inji a kashe da inji a kunne bai kai minti biyar ba a bakin mashigi kafin a ɗauki fasinja.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya tsare mana ku a kan ruwa, Ya ba da sa'ar kamu da ciniki.